Shekarar da Keken Balki Ya Ƙi Gaba

Ni fa tun farko ba da ni anka shirya wanga al'amari ba, jawo ni anka yi, kuma har yau ba wanda ya ce mini sannu. Ina kabu-kabuna cikin garin Argungu lafiya lau, in na samu in ci kifi, in ban samu ba in tafi majalisa in ci na wani, sai kawai anka wayi gari an naɗa ni direban asibiti, ɗan dako, kuma mai rarrashi. Laifina guda, ina da mashin. A gidanmu in kana da mashin to ba ka da uzuri, ko akuya ta yi tari kai za a ƙwala wa kira. Yanzu kuma ga shi an sake jawo ni wai in rubuta, ni da na bar makaranta tun malamin lissafi bai gama riƙe sunana ba. To zan rubuta, don Balki in ta girma ta karanta, ita da ƙannenta, saboda na ji yadda labarin ya fara sauya kama a bakin mutanen gidan nan. Inna na faɗa wa baƙi wai ita ta gano komai. Yaya Umaru na cewa wai shi dama ya sani, shiru kawai ya yi. Allah ya yafe musu. Ni Bashiru ina wurin, da kifi a hannuna, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗi.

Balki, wato Balkisu, ita ce ɗiyar fari ta yayana Umaru da matarsa Saratu 'yar garin Gulma. Haihuwarta ta zo da gardama, ta daɗe ba ta yi kuka ba, abin da tun ranar take ramawa a kanmu. Da ta fara girma sai anka lura ƙafafunta na sandarewa, in an ɗaga ta sai su harɗe kamar almakashi, ta tsaya bisa 'yan yatsu. Sa'o'inta sunka zauna, sunka yi rarrafe, sunka tashi suna ɓarna, ita tana kan tabarma an tokare ta da matasan kai. Amma baki? Abin da Allah ya rage mata a ƙafa ya zuba mata shi a harshe har da gyara. Yarinya ba ta iya zama ba, amma ta iya ce mini mai ƙaton kai. Ranar da ta fara zama da kanta ba tokari, Inna, wato mahaifiyarmu, ta soya masa ta raba wa unguwa. Ranar da ta ja ciki ta isa bakin ƙofar ɗaki, zakara anka yanka. Mu gidanmu ba ma jiran babban abu, abin da ya samu shi muke wa biki. Inna kuma ba maganin da ba ta gwada ba. An sha rubutu, an yi shafe-shafe, an tafi da ita bakin gulbi da sassafe an binne ƙafafunta cikin rairayi har gwiwa wai su miƙe. Ni ke haƙa ramin, ba sai na faɗa ba. Balki na tsaye cikin rairayi kamar dashen rogo, tana ba masunta umarni inda za su jefa taru.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke haya kusa da mu ita ta ce mu daina yawo, mu kai ta wurin masu gashin ƙashi a babban asibiti a Birnin Kebbi. Daga nan wahalata ta soma. Yaya Umaru manomi ne, in ba ya fadama wurin shinkafa to yana wurin albasa, kuma mutum ne da in ka ce mishi asibiti sai zufa ta karyo mishi. To wa ya rage? Duk ranar ganin likita ni ke kwasar Saratu da Balki zuwa tasha, in bar mashin wurin mai shayi, mu shiga mota a matse mu da buhunan mutane. Likitar wata mata ce gajera mai fara'a, amma in hannunta ya kama ƙafar yaro sai ka ji tausayin ƙafar. Ita ta koya wa Saratu yadda ake miƙar da jijiya safe da yamma. Ita ta sa anka yi wa Balki takalman roba masu kama ƙafa tun daga tafi har ƙasan gwiwa. Ita kuma ta zana wa kafinta wani akwatin katako da ake tsayar da yaro a ciki, a ɗaure shi da maɗauri don ƙafafu su saba da ɗaukar jiki. Balki ta sa wa akwatin suna kurkuku. Duk sa'ad da anka sa ta ciki, in na shigo sai ta kira ni.

"Baba Bash, zo ka yi belina."

Nic ce, "Ba ni da lauya. Mi kika sata?"

"Hankalinka," tac ce. "Shi ya sa ba ka da shi."

Muna cikin haka shekarar da nake son ba ku labarinta ta shigo. Balki ta doshi shekara biyar, ta yi nauyi, in an goya ta ƙafafunta na bugun cinyar uwarta. Kuma duk inda za ta, a bayan Saratu take zuwa, makewayi ne, gidan suna ne, asibiti ne, ko ƙofar gida kallon yara. Sai ga Saratu da ciki. Kowa ya yi murna, har ni da na san aike zai ƙaru. Amma wata rana muna dawowa daga Birnin Kebbi cikin mota, Balki na barci bisa cinyata tana zuba mini miyau a wando, Saratu na kallon gonaki ta taga, sai ta yi magana ba ta ko juyo ba.

"Bashiru, baya guda gare ni."

Na buɗe baki in yi wasa, don ni da matar yayana ba mu gaisawa sai da tsokana, amma na ga fuskarta na rufe bakina.

"In wanga ya zo," tac ce, ta dafa cikinta, "bayan nashi na. Ita kuma hwa? Ta koma tabarma ke nan, tana jin yara na wucewa Islamiyya, sai in wani ya tuna da ita ya ɗauke ta."

To ku riƙe wannan, don ita ce maganar shekarar gaba ɗaya: kafin jariri ya karɓe bayan, dole Balki ta samu abin da zai fitar da ita ƙofar gida da ƙafarta.

Likita ma ta san da haka. Ta auna Balki, ta ce akwai wani keken koyon tafiya na ƙarfe da ya dace da irin ƙafafunta, za a nemo. Bai tashi isowa ba sai daidai yankan shinkafa, lokacin da gidanmu ko mai ba ka ruwa babu, kowa na fadama, Saratu kuma ta yi nauyin da mota ke wahalar da ita. Ni kaɗai na tafi da mashin. Na iske likita da layin yara har waje, ta miƙo mini shi ta bisa kan wata uwa.

"Kada ku sa ta ciki sai kun kawo ta na gwada mata da kaina. Ka ji ko?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Abu ne mara nauyi, ƙarfe mai sheƙi, ƙafa huɗu kowace da tayarta, da mariƙi biyu na baƙar roba dama da hagu. Gefe guda a buɗe yake, ɗaya gefen kuma an gitta mishi sanda. Na ɗaure shi bayan mashin, na biya Gwadangaji wurin wani abokina in yi mishi kuri, a hanya wata mata ta tsayar da ni tana tambaya ko abin shanyar kayan jarirai na sayarwa ne. Da na iso gida kuwa saƙon likita na isar da shi kalma-kalma, Allah shaida, Saratu ma shaida. Inna ta saurare ni har na gama, ta zagaya keken tana duba shi kamar mai tayin saniya.

"Yanzu ni za a koya ma keken yara?" tac ce. "Ku dut da ku ka tsaye nan, wa yak koya muku tahiya? Likita?"

Kuma ba wanda zai ƙaryata ta. Kowane gida a garinmu ya san keken katako mai taya uku da kafinta ke yi wa yaro in ya fara tsayuwa. Yaro ya tsaya a bayansa, ya kama sandar da ke gabansa, ya tura, yana bi yana ihu har ya faɗa kwata. Da shi Yaya ya koyi tafiya, da shi na koya, guda ne ma, kuma sai da ya bi ta hannun rabin unguwa kafin gara ta gama da shi. Keke a gaba, yaro a baya. Haka munka tashi munka gani, haka iyayenmu sunka gani. To don an sauya katako da ƙarfe sai mu zauna jiran a gama girbi?

Sannan Inna ta yi abin da ban taɓa zaton za ta yi ba. Tsakar gidanmu rairayi ne, wuri guda ne mai santsi, daɓen simintin da take shanya shinkafarta in ta turara, wurin da ko kaza ta taka sai ta ji sunan kakanninta. Ta sa anka tattare shinkafar gefe guda, ta bar wa Balki rabin daɓen. Anka sa mata takalmanta, anka tsayar da ita, sandar keke a gabanta yadda kowa ya sani, hannuwa bisa mariƙi. Maƙwabta sunka leƙo ta katanga. Inna ta tsuguna can gaba tana tafi.

"Taho, taho, 'yar gidana! Tura shi!"

Balki ta tura. Keke ko motsi. Ta cije leɓe ta sake turawa har jijiyar wuyanta ta fito, ta kwanta bisa sandar da ƙirjinta, ƙafafun na rawa. Keke na nan kamar an dasa shi. Anka ce gajiya ce, a bari sai gobe. Gobe ma haka, jibi ma haka. Yarinyar da ko allura ba ta cika sa ta kuka ba, sai ga ta ta kifa kai bisa ƙarfen nan tana kuka marar sauti, kuma ba ta zagi kowa ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Saratu ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito na ji tana ce wa Yaya a hankali, don kada yarinyar ta ji, ƙila dai ƙarfin bai kai ba, ƙila mun ɗora mata abin da ba za ta iya ba.

Haushi ne ya sa na kama keken da niyyar in jefa shi bayan rumbu. Ban san abin da ya sa ba na tsaya yadda take tsayawa, na tura. Ni ƙato, mai tada mashin da bugu guda, keke ya ƙi gaba, tayoyin sai gurzar siminti suke. Na jawo shi wajena, sai ga shi ya taho sumul yana ƙas-ƙas-ƙas. Na sake turawa, ya cije. Na ƙwala kira.

"Jama'a ku hito! Ba laihin Balki ba na, keken na! Baya ɗai shi ka zuwa!"

Nan take gida ya cika da masana. Yaya ya gwada, ya ce a kamfani anka ɗaura tayoyin baibai. Maƙwabcinmu Malam Garba, da ya taɓa zama kudu yana sayar da albasa, ya ce ai ƙasar da anka ƙera shi ta ɗaya hannun suke tuƙi, dole a samu saɓani. Inna ta ce ita tun da ta ga abin ba katako ba ne jikinta ya ba ta. Saratu kuwa dariya take tana share hawaye da gefen zane, don ita abu guda ta ji cikin surutun nan duka, ba ɗiyarta ce ta kasa ba. Kowa ya kawo tasa, anka tsaya a kan in kai shi wurin Isuhu mai walda a bakin kasuwa. Wa zai kai? Kun sani.

Isuhu ya kifa keken, ya zuba mishi baƙin mai, ya murza tayoyin yana kasa kunne kamar mai sauraren rediyo. Can sai ya nuna mini wasu 'yan ƙarafa kamar harshen tsuntsu da ke kwance bisa tayoyi biyu. Su ke barin taya ta juya gefe guda, in ta nufi ɗayan su cije ta.

"Ga ɓarayin nan," yac ce. "In na yanke su, wallahi har Gulma sai ta tura shi."

"To yanke mana."

"Da haƙorina? Ba wuta tun jiya, janareto kuma ba mai. Dawo da shi gobe da sahe."

Na sha zagin masu ɗauke wuta a rayuwata, amma wannan ɗaukewar kam na yafe musu ita duniya da lahira.

Na dawo da keke gida da la'asar, na biya na sayo soyayyen kifi don in wanke baƙin ciki. Balki ta ce a tsayar da ita a ciki, ko ba ya tafiya ya fi mata kurkuku. Anka tsayar da ita bisa daɓe, sanda a gabanta, fuskarta na kallon katanga. Inna na can tana juya shinkafa, Saratu na tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ni kuma na kifa turmi a bayan Balki na zauna, na buɗe takardar kifi. Dokar gidanmu ce, in na sayo kifi wutsiya ta Balki ce, don ita ke da ƙurus-ƙurus. Ranar sai tsokana ta motsa mini. Na ɓalle wutsiyar na ɗaga ta sama.

"Kai, wagga wutsiya ta soyu! Allah sarki, mai ita ta ba mu baya."

"Baba Bash, aje min abuna."

"Zo ki amsa. Au, na manta, motarki ribas ɗai gare ta."

Saratu tac ce, "Bashiru, ka ji tsoron Allah."

Na kai wutsiyar baki na ɗan gatsi gefe yadda za ta ji ƙarar. Abin da ya biyo baya a hankali ya faru, amma ba wanda ya iya motsi cikinmu. Balki ta saki mariƙi guda ta kama sandar, ta murɗa jikinta, takalman roba na ƙara bisa siminti. Ta ja ƙafa guda, ta ja ɗayar, ta kai hannun dama inda na hagu yake, har ta juyo gaba ɗaya cikin keken. Yanzu sandar na bayanta daidai ƙugu, gabanta a buɗe, ba komai sai ni da kifi. Kuma sai na ga yarinyar ta miƙe, ƙirji a waje, kai a sama, ba irin kwanciyar nan da take yi bisa sanda ba. Ta harare ni.

"Ɓarawo."

Ta ɗaga ƙafa ta aje. Keke ya ce ƙas. Ta ɗaga ɗayar. Ƙas. Ya biyo ta a baya kamar ɗan akuyar da ya ga dusa. Ta yi taga-taga za ta koma da baya, na zabura, sai 'yan ƙarafan nan da Isuhu ya kira ɓarayi sunka cije, keke ya tsaya cak, sandar ta tare ta. Ta sake yunƙurowa. Ƙas, ƙas, ƙas. Na tashi daga kan turmi ina ja da baya da wutsiya a hannu, tana biyo ni tana zagi, ni ina dariya hanci na yoyo, ban san kuka nake ba sai da na ji gishiri a bakina wanda ba na kifi ba ne. Na taka shinkafar Inna da takalmi, ƙafa biyu, na yi tsaye a tsakiyarta, kuma karo na farko a tarihin gidanmu ba a ce mini komai ba. Saratu ta saki rariya, gari ya bule mata jiki, ta durƙusa da cikinta ba abin da take faɗi sai alhamdu lillahi. Balki ta iso, ta saki hannu guda ta fizge wutsiyarta, ta duba.

"Ka ci gehe," tac ce. "Gobe biyu za ka sawo."

Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta sunka shigo suna tambaya ko Saratu ce ta sauka. Da ta gama, ta goge ido, ta gyara ɗankwali.

"To madalla. Yanzu ku juya mata shi daidai, baibai tash shiga."

"Inna, daidai ɗin ne ba ya tahiya!"

"A ina kunka taɓa ganin keke na bin mutum?"

Ana cikin haka Yaya ya dawo daga fadama da laka har gwiwa. Anka sa Balki ta sake yi mishi, wannan karon ba kifi. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Saratu kuwa, da ba ta taɓa ɗaga murya gaban Inna ba, ta ce keken nan ba mai sake taɓa shi, ba Isuhu ba kowa ba, sai likita ta gani. Cikin makon Yaya ya bar shinkafa a hannun 'yan ƙwadago ya bi mu Birnin Kebbi da kansa, ni da Balki da Saratu da ta daure wa mota, da zufarsa da komai. Balki ta shiga ɗakin gashin ƙashi da ƙafarta, keke na ƙas-ƙas a bayanta. Likita ta tafa hannu.

"Wa ya nuna muku yadda ake shiga?"

Nic ce, "Kihi, ranki ya daɗe."

Da na ba ta labarin Isuhu sai ta dafe kai ta nemi kujera. Ta ce ai haka anka ƙera shi, a baya yake zama don yaro ya miƙe ya ɗaga kai, kada ya saba da kifuwa. 'Yan ƙarafan kuma su ke hana keken zamewa in yaro ya yi baya, da an yanke su da ƙeya za ta sha siminti. Ta ɗaga mariƙan kaɗan daidai tsawon Balki, ta nuna wa Saratu yadda za a koya mata juyawa da zama, sannan ta wanke mu tas kan ƙin jiran da munka yi. Na ce Inna ce. Ta ce a gaida Inna. Da munka dawo na isar da gaisuwa da bayani duka, Inna ta ce ai ita dama ta ga alama.

Daga nan abubuwa sunka riƙa zuwa bi da bi. Yaya ya kwaso marmara a amalanke ya daɓe hanya daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi, daga makewayi zuwa zaure, shi kaɗai, bayan ya dawo gona. Shi ba mai magana ba ne, wannan ce maganarsa. Balki ta fara zuwa makewayi da kanta, ta kori uwarta daga bakin ƙofa wai a ba ta wuri. Ta faɗi ta fasa leɓe, ta tashi ta zagi marmara. Ranar da ta lallaɓa ta kifar da ƙwaryar nono, Saratu ta ɗaga hannu za ta make ta, sai hannun ya tsaya a sama, ta fashe da dariya, don tun da ta haife ta ba ta taɓa samun ta da laifin ɓarna ba. Bayan an gama kai shinkafa rumbu Saratu ta sauka lafiya, namiji. Balki ta zo da kekenta ta leƙa shi da kyau, ta ce kan Baba Bash ne da shi, Allah ya sawwaƙe. Yaro ya karɓi baya kamar yadda anka yi tsammani.

Amma duk wanga abu cikin gida ake yin sa. Ƙofar zaure ita ta rage, kuma a nan Inna ta kafe. Balki ta matsa sai ta tafi Islamiyyar da ke ƙarshen lungunmu. Malamin Islamiyyar ya ce a kawo ta, Saratu ta ɗinka mata gajeren hijabi don kada taya ta kama shi, ni na bi lungun na kwashe duwatsu kamar ɗan kwangila. Ranar da anka sa, da azahar, yara na wucewa da jakunkunansu, Balki ta fito an rataya mata jaka a jikin sanda, ƙas-ƙas-ƙas har zaure. Sai ga Inna zaune a bakin ƙofa, da zanen goyo a cinya.

"Ba inda za ta da wanga ƙarhe."

Yaya yac ce, "Inna, ai don hakan anka samo shi."

"Cikin gida dai. Waje akwai baki. Kowa shi tsaya shina kallon ta, wanga shi ce wayyo, wancan shi yi dariya, yara su bi ta awa mai wasa da biri. Ba da jikata ba."

Nic ce, "Inna, ni kullum ana kallona cikin gari, ba abin da ya same ni."

"Kai wa za shi yi ma baki? Mi anka gani?"

Saratu na tsaye da jariri a baya, ba ta da bakin yi wa uwar miji gardama sau biyu a shekara guda. Inna ta miƙe ta warware zanen.

"In karatu na, ni in goya ta in kai ta, in an tashi in ɗauko ta. Kullum. Bayana bai mutu ba."

Ta juya, ta tsuguna gaban Balki, gwiwoyinta na ƙara, tsohuwar da sallah ma wani lokaci a zaune take yin ta. A nan wasa ya ƙare mini, don na ga da gaske take, kuma na ga tsoro ne ba iko ba. Wa zai ce wa uwarsa ta tashi, alhali bayanta ta miƙo? Yaya ya sunkuyar da kai, shi da bai taɓa musa mata ba. Na ce a raina shi ke nan, mun yi ta banza, an sauko daga wani baya za a hau wani. Yara kuwa sun riga sun taru a ƙofar zaure, ido zuru, suna kallon keke.

Balki ta dubi bayan Inna, ta dubi yaran, ta gyara riƙon kekenta. Jika ce, tana da lasisin da mu ba mu da shi. Abin da ta faɗa shi ya sa Inna ta miƙe tana dariya da hawaye, ta ninke zanen ta matsa gefe, kuma har yau ba a sake tada maganar ba.

"Inna, tashi kada ki karye. Su kalle ni mana, ni ma kallon su za ni yi. Tun da anka haihe ni ƙeyar Mama ɗai ni ka gani, yanzu kuma taki za ki ba ni?"